Neman gurbin MBA da ƙaramin sakamako: inda 2:2 ke hana mutum da inda ba ta hanawa

A yawancin jami'o'in Najeriya ana auna sakamakon digiri a kan maki 5. Wanda ya tashi da 4.50 zuwa sama ya fita da daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 shi ne 2:1, daga 2.40 zuwa 3.49 shi ne 2:2, daga 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku ke nan. Lambar nan da yaro ya samu yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba ta rabuwa da shi. Zai gama bautar ƙasa, ya yi aiki shekara shida ko bakwai, ya riƙe ma'aikata, miliyoyi su bi ta hannunsa lafiya lau, amma ranar da ya yi niyyar komawa makaranta ya yi MBA, wato digiri na biyu kan gudanar da kasuwanci, abin da za a fara cewa ya kawo shi ne waccan tsohuwar takarda. Da yawa a nan gwiwarsu ke sanyi. Wasu ko fom ɗin ba sa cikewa. Wasu kuma su cike shi a inda tun farko ba su da rabo, su zubar da kuɗi, su dawo suna cewa ai an rufe wa mai 2:2 ƙofa.

Abin da ya fi ɓatar da mutane, a ganina, shi ne ɗaukar makarantun nan kamar duk tafiyarsu ɗaya. Akwai masu ƙa'ida a rubuce, wadda in ba ka kai ta ba babu wanda zai buɗe sauran takardunka. Akwai kuma masu ɗora komai a kan sikeli, sakamako da jarrabawar shiga da aikin da ka yi da abin da mutane suka shaide ka da shi, sannan su yanke. Maganin da ke aiki a wajen waɗannan ba ya aiki a wajen waɗancan.

Jami'o'inmu na gida suna cikin rukunin farko. Ko makarantar kasuwanci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya mutum ya nufa, ko Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero a Kano, ko wata irinsu, zai tarar sharuɗɗan kusan kama ɗaya ne: kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi, takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da digirin da galibi ake so kada ya gaza 2:2. Ke nan mai 2:2 a gida ba shi da wata babbar damuwa. Wanda abin ya shafa shi ne mai daraja ta uku da mai HND, kuma su ma an tanadar musu hanya: su fara yin difloma ta gaba da digiri, wadda aka fi sani da PGD, a fannin gudanarwa ko makamancinsa, shekara guda ko da ɗan ɗoriya, in sun ci da kyau su wuce MBA. A irin wannan wuri doguwar wasiƙar bayani ba ta da amfani. Jami'in da ke tantance takardu ba shi da hurumin sassauta ƙa'ida ko da labarinka ya sa shi hawaye. Takarda ce ta hana ka, takarda ce kuma za ta shigar da kai. Abin da nake jan kunne a kai kawai shi ne kada a shiga PGD da halin da aka yi digirin farko, don ita ma ana kafa mata makin da sai an kai shi, kuma wanda ya sake tashi da ƙaramin sakamako a karo na biyu ya ƙara wa kansa nauyi.

Jami'o'in Ingila suna tsakatsaki. Da yawa suna rubuta 2:1 a matsayin sharaɗin digiri na biyu, wasu suna karɓar 2:2, a MBA kuwa sukan sassauta wa wanda ya daɗe yana aiki. Galibinsu suna da shafi na musamman da ke bayyana yadda suke fassara sakamakon Najeriya, kuma karanta shafin nan ya fi tambayar duk wani ejan. Sassaucin yana da tushe: ƙungiyar AMBA, ɗaya daga cikin masu tantance ingancin MBA a duniya, ta shardanta cewa ɗaliban shirin da ta amince da shi su zo da aƙalla shekara 3 na aiki. Tun asali an gina karatun ne domin ma'aikaci, shi ya sa aiki ke da nauyin da ba shi da shi a sauran kwasa-kwasai.

Manyan makarantun Amurka irin su Harvard da Stanford da Wharton, da INSEAD ta Faransa, su ne masu sikeli. Yawancinsu ba su da makin da suka ce in ba ka kai shi ba kada ka nema. Duk da haka mutum zai buɗe shafin Harvard ya ga matsakaicin sakamakon ɗalibanta ya kai wajen 3.7 cikin 4, sai gabansa ya faɗi. Abu biyu ya kamata ya sani. Wannan lamba matsakaici ce, ke nan akwai waɗanda aka ɗauka da ƙasa da ita. Sannan daga sakamakon waɗanda suka yi digiri a tsarin maki 4 na Amurka ake fitar da ita, takardar ɗan Najeriya ba ta shiga lissafin. Shi ya sa da yawa daga makarantun suke cewa kada mai nema ya juya makinsa da kansa, ya rubuta shi yadda jami'arsa ta ba shi. Wanda ya ɗauki 2.80 cikin 5 ya yi mata lissafin raba-daidai ya mayar da ita 2.24 cikin 4 ya cuci kansa, domin ma'aunin ba ɗaya ba ne. A nan maki 70 ne A, a Amurka kuwa galibi sai 90, kuma kowa ya san yadda malamanmu ke riƙe maki. Inda makaranta ke son a juya, takan tura mutum wurin masu wannan sana'a irin su WES, su kuma kwas-kwas suke bi.

To me suke nema a cikin takardar? Ba wai suna hukunta mutum ne a kan ƙuruciyarsa ba. Tsoronsu ɗaya ne: kada su ɗauki wanda zai kasa. Watannin farko na MBA cike suke da akanta da harkar kuɗi da ƙididdiga da tattalin arziki, ana gudu ba jira, a INSEAD ma duka karatun wata 10 ne. Don haka wanda ke karanta cikakken sakamakonka yana duba inda ka faɗi da lokacin da ka faɗi. Wanda ya yi injiniya ko kimiyyar lissafi ya fita da 2:2 ba ɗaya yake da wanda ya ci komai amma duk kwas mai lamba sai da ya maimaita shi ba. Haka nan tsarin tara maki yana ɓoye labari. A ce ɗalibi ya nemi likitanci aka tura shi wani fannin da bai taɓa mafarki ba, ya yi shekara biyun farko yana fushi da karatun ya tashi da 1.8, sannan ya farga ya yi biyun ƙarshe da 3.8. Idan nauyin kwasa-kwasan ya yi daidai, zai fita da wajen 2.8, wato 2:2. Wani kuma ya fara da 3.8 ya ƙare da 1.8, shi ma 2.8. A takardar shaidar digiri su biyun ɗaya ne. A gaban kwamitin ɗaukar ɗalibai kuwa na farkon mutum ne da ya gyaru, na biyun kuma sai an yi tambaya.

Tunda tsoron shi ne ko za ka iya karatun, amsar da ta fi ƙarfi ita ce sabuwar hujja, kuma babu wadda ta kai GMAT ko GRE, wato jarrabawar shiga da makarantun waje ke nema. GMAT ta sauya fasali a ƙarshen 2023. Yanzu kashi uku ce, lissafi da fahimtar rubutu da nazarin bayanai, kowanne minti 45, makinta daga 205 zuwa 805. Wanda ya ji tsofaffin ɗalibai suna maganar 700 kada ya ruɗe, a sabon ma'auni 645 ce ke daidai da ita. GRE ita ma an rage tsawonta a 2023 ta koma ƙasa da awa biyu, kuma kusan duk manyan makarantu suna karɓarta. Amfanin jarrabawar ga mai ƙaramin sakamako shi ne ma'auninta ɗaya ne ga kowa. Ɗan Gusau da ɗan Landan tambayoyi iri ɗaya suke fuskanta, babu malamin da ya tsane ka, babu wanda ya san ubanka. Mai 2:2 da ya kawo makin da ya haura matsakaicin makarantar ya kashe rabin maganar tun kafin a tayar da ita.

Sai dai ba zan ɓoye ba, jarrabawar GMAT tana da wuya. Lissafinta bai wuce na sakandare ba, amma an murɗa shi, lokaci kaɗan ne, ba a amfani da kalkuleta a sashen lissafi, kuma kwamfuta tana ƙara tsananta tambaya gwargwadon yadda kake ci. Mutumin da ya rabu da aji shekara bakwai yana buƙatar watanni na zama kullum, bayan ya dawo daga aiki a gajiye, ga wuta ba tabbas. Kuɗin zama ɗaya ya kusa dala 300. Tun lokacin annobar korona a 2020 wasu makarantu suka fara yafe jarrabawar ga wanda ya nema, kuma na ga yadda wannan ke jan hankalin mutanenmu. Yafewar nan an yi ta ne domin wanda takardunsa suka riga suka nuna ƙarfinsa. Mai ƙaramin sakamako da ya nemi a yafe masa ya ajiye makaminsa mafi kaifi da hannunsa.

Akwai wasu hujjojin da ke tallafawa. Wanda ya ci jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ACCA, ko ya haye wani mataki a cikin matakai uku na CFA, jarrabawar masu nazarin harkar kuɗi da zuba jari, ya nuna lamba ba ta ba shi tsoro. Harvard tana da wani gajeren shiri ta intanet mai suna CORe, wanda ya ƙunshi akanta da tattalin arziki da nazarin alƙaluman kasuwanci, ana yin jarrabawa a ba da sakamako. PGD ko wani digiri na biyu da aka ci da kyau shi ma yana magana. Babu ɗaya a cikinsu da ke goge digirin farko, yana nan a fayil, amma mai karantawa zai ga abin da ya biyo baya. Takardun halartar bita na kwana biyu da ake tarawa a jaka kuwa ba sa ƙara komai, tunda ba a faɗuwa a cikinsu.

Maganar aiki ita ce ta fi damuna, domin a nan ne rashin adalcin yake ninkuwa. Ana cewa ƙwarewar aiki tana rufe ƙaramin sakamako, gaskiya ne. Amma bankuna da kamfanonin sadarwa da na mai da manyan kamfanonin binciken kuɗi, waɗanda sunansu ke da kwarjini a takarda, su ne kuma suke rubuta 2:1 a tallar ɗaukar sababbin ma'aikata, wasu su sauko 2:2, su haɗa da iyakar shekaru. Ke nan sakamakon da ya kamata aiki ya rufe shi ne ya hana samun aikin tun farko. Da yawa daga masu daraja ta uku a Arewa kasuwa suka koma. Wani yana Kantin Kwari yana shigo da atamfa da shadda, wani yana Dawanau yana tara riɗi da zoɓo ana fita da su waje, wata tana da gidan abinci ko wurin ɗinki da ma'aikata goma sha. Mutanen nan sun san ciniki da bashi da asara da riƙon yara fiye da wanda ya shekara biyar a bayan kanta a banki. Makarantun waje kuma suna son irinsu, domin ajin da ake koyarwa ta hanyar muhawara a kan matsalolin kamfanoni na gaske yana buƙatar wanda ya zo da abin da sauran ba su sani ba.

Matsalar ita ce kasuwancinmu a ka yake da amana, ba a takarda ba. Kwamitin Harvard da ke Boston ba zai zo Dawanau ya tambaya ba. Wanda ke da niyyar nan, tun shekara biyu kafin ya nema ya kamata ya yi wa kasuwancinsa rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ya raba asusun kasuwa da na aljihunsa, ya riƙa rubuta shiga da fita, ya biya haraji ya ajiye shaida. Sannan ya iya faɗin aikinsa da lamba: na karɓi shagon muna cinikin naira kaza a wata, yanzu muna cinikin naira kaza, ma'aikata sun tashi daga nawa zuwa nawa, na buɗe hanya zuwa Maraɗi ko Agadas. Cewa kawai "ina taimaka wa Alhaji a kasuwa" yana binne aikin shekaru.

Wasiƙar shaida ma muna yawan kuskure a kanta. Mun saba da cewa girman mai sa hannu shi ne ƙarfin takarda, sai a nufi sanata ko hakimi ko wani farfesa da bai taɓa ganin aikin mutum ba. Makarantun nan wanda ke kanka kai tsaye a wurin aiki suke so, wanda zai iya cewa ranar da kaya suka maƙale a boda ga abin da ya yi. Ba sa son wasiƙar mahaifi ko kawu ko da shi ne mai kamfanin. Wanda ke kasuwancin gida sai ya nemi babban abokin ciniki, ko dilan da ke ba shi kaya, ko akantan da ke duba littattafansa.

Kusan kowace makaranta tana barin wani ɗan fili a fom domin ƙarin bayani, kuma nan ne wurin maganar sakamako. Shiru a kai kuskure ne, don sun gani, in ba ka faɗa ba za su cike gurbin da zatonsu. Amma layi biyar ko shida sun isa. Mahaifi ya rasu a shekara ta biyu nauyin gida ya dawo kanka. Ciwo ya kwantar da kai zango guda. An yi miki aure kin haihu a tsakiyar karatu. Kana aiki da rana don biyan kuɗin makaranta. A faɗi abin da ya faru da lokacinsa, a nuna inda maki ya farfaɗo, a kawo sabuwar hujjar. Idan kuma babu wani dalili sai wasa da ƙuruciya, a faɗi hakan, ya fi ƙirƙirar ciwon da ba a yi ba. Ban ga amfanin jingina da yajin aikin ASUU ba, duk da cewa na 2020 ya ci kusan wata tara na 2022 kuma wata takwas, domin wanda ya fita da daraja ta ɗaya a ajinku shi ma ya zauna a gida. Zargin malamai ma haka. Na san ana zalunci a jami'o'inmu, akwai waɗanda aka kayar don sun ƙi abin da aka nema a wurinsu, kuma abin yana da ciwo. Amma baƙon da ke karanta fom ba shi da hanyar tabbatarwa, abin da zai gani kawai shi ne mai ɗora laifi a kan wani.

Wanda kuma zuciya ke raya wa ya gyara takardar ko ya sayo wata, ya tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya abin ya shafa. Manyan makarantu suna bincikar takardun wanda suka ɗauka, suna kuma janye gurbi in suka ga ƙarya. Daraja ta uku ta gaskiya tana da hanyar fita, ta jabu kuwa babu.

Inda ƙaramin sakamako ya fi cizo shi ne wajen kuɗi, ba wajen gurbi ba. Masu ba da tallafin karatu sun fi makarantu tsaurin ƙa'ida. Chevening ta gwamnatin Birtaniya, misali, tana neman shekara 2 na aiki da digirin da galibi ya yi daidai da 2:1, kuma ko ta ɗauki mutum akwai iyakar abin da take biya na kuɗin MBA, sauran shi zai cika. Shekara biyu a babbar makaranta a Amurka, da kuɗin makaranta da na zama, sun haura dala 200,000. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kowa ya yi lissafin da kansa. Harvard da Stanford suna ba da tallafi gwargwadon buƙatar ɗalibi bayan sun ɗauke shi, amma shigarsu ita ce aikin. Makarantu da yawa da ke ƙasa da su kuwa da maki suke raba tallafi, nan ma GMAT mai kyau ce ke iya jawo ragi. Akwai kamfanonin da ke ba ɗaliban ƙasashen waje rance, sai dai da ruwa ne, wanda ga da yawa daga cikinmu magana ce ta addini kafin ta zama ta lissafi.

A ɗaya gefen akwai makarantun da ko da wane irin sakamako ka zo za su karɓe ka cikin mako guda, muddin za ka biya. Saurin nan ya kamata ya sa mutum ya tsaya ya duba. Shin masu tantance ingancin makarantun kasuwanci irin su AACSB ko AMBA ko EQUIS sun tantance ta? Ina ɗalibanta suke aiki bayan sun gama? Darajar MBA tana tattare da sunan makarantar da mutanen da ka zauna da su da kamfanonin da ke zuwa ɗaukar ma'aikata. Sayar da gona ko gidan gado domin MBA a makarantar da ba wanda ya san ta asara ce, balle ga mai iyali, tunda daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu irin wannan karatu tafiya da mata da 'ya'ya. Sau da yawa MBA na ƙarshen mako a Kano ko Zariya, ko Makarantar Kasuwanci ta Legas ga mai hali, mutum yana riƙe da aikinsa, ya fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Ya kamata kuma mutum ya tambayi kansa me yake so da digirin. In don ya huce haushin 2:2 ne, MBA ba za ta canza abin da ke rubuce a takardar farko ba, kuma ma'aikatar da ta kafe a kan 2:1 tana iya ci gaba da kafewa. In koyarwa a jami'a yake hari, MBA digiri ne na sana'a, jami'o'inmu da yawa ba sa wucewa da shi kai tsaye zuwa digirin digirgir, M.Sc. suke nema. Wanda MBA ke yi wa rana shi ne mai son tashi daga aikin hannu ɗaya zuwa shugabanci, ko mai son sauya fanni, ko mai kasuwancin da ya girma ya fi ƙarfin lissafin ka.

Ga wanda ya yanke shawarar nema a waje, tsarin lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Makarantun Amurka galibi zagaye uku suke karɓar takardu, na farko wajen Satumba, na biyu farkon Janairu, na uku wajen Maris ko Afrilu lokacin da gurabe da kuɗin tallafi sun kusa ƙarewa. Mai rauni a takarda, ga kuma neman biza a gabansa, ba shi da abin yi a zagaye na uku. Sakamakon GMAT da GRE yana aiki har shekara 5, don haka jarrabawar ce abin farawa, makin da aka samu shi zai nuna waɗanne makarantu ne ya dace a nema. Cikakken sakamako kuma a nemi jami'a ta fitar da shi tun da wuri, domin fitarsa kan ɗauki watanni, wani lokaci sai mutum ya je da ƙafarsa sashen da ya yi karatu an tono fayil, kuma a nan ne wasu ke gano akwai kwas ɗin da ba a shigar da makinsa daidai ba.